Yadda Za Ka Gane Wanda Ke Riƙe da Akalar Kuɗinka a Kirifto

Duk mai kuɗi a kirifto ya kamata ya iya amsa tambaya biyu kafin ya damu da hawa da saukar farashi. Wa zai iya hana ni taɓa kuɗin nan? Wa kuma zai iya motsa su ba da izinina ba? Ana yawan cewa kirifto ya kawar da buƙatar yarda da wani, amma a aikace yardar tana nan, rarraba ta aka yi: wani ɓangare na hannun kasuwar musaya, wani na hannun kamfanin da ya fitar da kuɗin, wani na hannun mutane ƙalilan da ke riƙe da mabuɗan gyara tsarin. Aikinka shi ne ka bi su ɗaya bayan ɗaya, ka san ikon kowannensu, sannan ka yanke nawa za ka bari a ƙarƙashinsa.

Fara da gano ko mabuɗi na hannunka

Gwajin mai sauƙi ne. Lokacin da ka buɗe asusun, an nuna maka kalmomi 12 ko 24 aka ce ka rubuta ka adana? Idan an nuna, walat ne da kai ke riƙe da mabuɗinsa. Idan kuwa imel da lambar waya da lambar sirri kawai ka bayar, to mabuɗin na wurin kamfani, kuma adadin da kake gani a allo alƙawari ne suka yi maka. A littafinsu aka rubuta sunanka, ba a bulokcen ba, wato babban littafin bai-ɗaya da ake rubuta duk cinikin kirifto a ciki.

Daga nan sai ka nemi sanin ko ajiya ka ba su ko rance, domin ranar da kamfani ya karye, wannan ne ke raba wanda zai karɓi kayansa da wanda zai shiga layin masu bin bashi. Celsius, wani kamfani da ke biyan riba a kan ajiyar kirifto, ya dakatar da cire kuɗi ranar 12 ga Yunin 2022. A Janairun 2023 wata kotun fatarar kuɗi a Amurka ta yanke cewa kuɗin da ke asusun da ake biyan riba a kansu, sama da dala biliyan 4, mallakin kamfanin ne, saboda sharuɗɗan da masu asusun suka amince da su sun faɗi haka ƙarara. Mutane sun danna maɓallin amincewa ba su karanta ba. Saboda haka ka buɗe sharuɗɗan, ka nemi wuraren da ake maganar mallaka, da ikon ba da rancen kadarorinka ga wasu, da ikon dakatar da cirewa, da ƙasar da kotunta ke da hurumi idan rigima ta taso. Duk sashen da ke biyan riba a kan ajiya, ka ɗauka rance ne har sai ka ga akasin haka a rubuce.

Shiga layin masu bin bashi ba ƙaramin abu ba ne. Kasuwar musaya ta Mt. Gox da ke Tokiyo ta rufe a Fabrairun 2014 bayan ɓatan bitkoyin kusan 850,000, ba a fara mayar wa mutane bitkoyin ba sai a Yulin 2024. Waɗanda kasuwar FTX ta riƙe wa kuɗi an ƙiyasta haƙƙinsu da dala bisa farashin Nuwamban 2022, watan da ta rushe, lokacin da bitkoyin ɗaya bai kai dala 17,000 ba. Ko da an ce an biya mutum duka, ba bitkoyin ɗinsa aka mayar masa ba.

Gwada kasuwar musaya kafin ka jibga mata kuɗi

Ba laifi ba ne amfani da kasuwar musaya. Ta nan ake saye da sayarwa, kuma ga wanda bai iya adana mabuɗi ba tukuna, wani lokaci ita ce ta fi masa sauƙin haɗari. Abin da ba ya halatta shi ne a zuba mata kuɗi ba a gwada ƙofar fita ba.

Ka saka kaɗan, kamar dala 20. Ka sayi abin da kake so, ka cire shi zuwa walat ɗinka, ka duba abu uku. Na farko, tsawon lokacin da ya ɗauka. Na biyu, ko an ba ka lambar shaidar cinikin da za ka iya liƙawa a Tronscan ko Etherscan, shafukan duba cinikin da ke kan bulokcen, ka gan ta da idonka. Na uku, ko an fito maka da wani sharaɗi da ba a faɗa ba lokacin sakawa. Wannan na ukun shi ne mafi muni. Duk dandalin da ya ce sai ka ƙara saka kuɗi domin a tantance ka ko a buɗe maka cirewa, to ka tsaya nan, domin kasuwar gaskiya daga cikin kuɗinka take cire ladanta. Haka aka yi wa masu kuɗi a dandalin CBEX a Najeriya a Afrilun 2025: bayan cirewa ta tsaya, aka nemi su ƙara biya kafin a sake musu kuɗinsu. Sai dai ka sani gwajin dala 20 ba ya wanke dandali, domin masu damfara suna biyan ƙananan kuɗi da gangan don a saki jiki. Ka maimaita gwajin da adadi mafi girma duk lokacin da ajiyarka ta ƙaru.

Bayan rushewar FTX, manyan kasuwanni sun fara wallafa abin da suke kira shaidar ajiya. Ga yadda take aiki: kamfani ya bayyana adireshin walat ɗinsa, sannan ya haɗa ma'aunin kowane mai asusu cikin wani lissafi da ake kira bishiyar Merkle, ta yadda kowa zai iya tabbatar da cewa an ƙirga nasa. Ka shiga sashen, ka tabbatar da naka, domin idan masu asusu ba sa dubawa, kamfani na iya barin wasu a waje don bashin da ke kansa ya yi ƙanƙanta. Amma ka san iyakar wannan shaida. Hoton rana ɗaya ce, kuma ana iya aro kuɗi a cika walat a ranar a mayar washegari. Ba ta nuna bashin da kamfanin ya ci daga waje. Kamfanin binciken kuɗi na Mazars, wanda ya yi wa Binance irin wannan rahoto, ya dakatar da aikin ga kamfanonin kirifto a Disamban 2022. Ka kuma duba me aka tara ajiyar da shi. Idan kaso mai yawa kuɗin da kamfanin ya ƙirƙira da kansa ne, ajiyar za ta narke daidai lokacin da ake buƙatarta, kamar yadda FTT, kuɗin da FTX ta ƙirƙira, ya yi mata ita da ɗan'uwanta kamfanin Alameda.

Akwai kuma ikon da ke sama da kamfanin, wato hukuma. A ƙarshen Fabrairun 2024 Binance ta cire naira daga kasuwar ciniki tsakanin mutum da mutum, a farkon Maris kuma ta rufe dukkan hidimar naira, ta mayar da ragowar nairar mutane zuwa USDT, kuɗin kirifto mai bin darajar dala, ba tare da zaɓinsu ba. Babu wanda aka sace wa kuɗi a nan, amma hanyar fita ta canja cikin kwanaki. Don haka ka riƙe hanyar fita fiye da ɗaya, ka kuma duba shafin SEC, hukumar kula da hada-hadar hannun jari ta Najeriya, da kanka don ganin ko dandalin na da rajista. A Agustan 2024 hukumar ta ba Busha da Quidax amincewar farko. Rajista ba garanti ba ce, amma tana nufin akwai ofis da sunayen da za a iya kamawa.

Muddin kuɗi na kasuwa, ka kunna matakan tsaro uku: lambar shiga ta manhajar tantancewa maimakon saƙon tes, domin ana iya kwace layin waya, jerin adireshin da aka yarda a tura musu kawai, da jinkirin da ke hana tura kuɗi zuwa sabon adireshi sai bayan awa 24 ko fiye, idan dandalin na da shi.

Mayar da kuɗi hannunka

Nan ne aka fi yin asara ta ganganci, don haka a bi a hankali.

Ka sauke walat daga mahaɗin da ke shafin kamfanin na ainihi, ba daga talla ko saƙon Telegram ba. Kai kaɗai za ka buɗe shi. Idan wani ne ya buɗe maka, ko aboki ne ko mai shagon waya, ya riga ya ga kalmomin, kuma walat ɗin naku ne ku biyu har abada. Canja lambar sirrin manhajar ba ya gyara wannan. Sabon walat ne kawai magani.

Kalmomin nan ana zaɓo su ne daga jeri mai kalma 2,048, kuma duk wanda ya same su a jere ya sami kuɗin, ko wayarka na aljihunka. Ka rubuta su da biro a takarda, da lamba a gaban kowace kalma. Kada ka ɗauki hotonsu, domin waya na kwafe hotuna zuwa intanet da kanta. Kada ka tura wa kanka a WhatsApp ko imel. Ka yi kwafi biyu a wurare biyu daban. Takarda tana da abokan gaba, gara da laimar damina da gobara, saboda haka idan kuɗin na da yawa ka buga kalmomin a farantin ƙarfe. Haruffa huɗu na farkon kowace kalma sun isa a gane ta, domin babu kalma biyu a jerin da suka yi tarayya a kansu.

Kafin ka tura babban kuɗi, ka gwada dawo da walat ɗin. Tura dala 5, goge manhajar, sake sauke ta, shigar da kalmomin daga takardarka. Idan dala 5 ɗin ta bayyana, rubutunka daidai ne. Mutane da yawa suna tsallake wannan mataki, sai ranar da waya ta faɗa ruwa su tarar kalma ɗaya ba ta karantuwa.

Wajen turawa, layi, wato bulokcen da kuɗin ke bi, shi ne tarko. USDT na gudana a kan layuka da dama. Adireshin Tron na farawa da T, na Ethereum da na BNB Smart Chain duk suna farawa da 0x kuma kamarsu ɗaya, don haka manhaja ba za ta hana ka zaɓar wanda ba shi ba. Idan walat naka ne, yawanci za ka iya ganin kuɗin ta hanyar sauya layi. Idan adireshin wata kasuwa ne da ba ta karɓar wannan layin, sai roƙo, kuma ba lallai a dace ba. Kuɗi irin su XRP da TON suna buƙatar ƙarin lamba idan kasuwa za ka tura wa, wadda da ita ake gane asusunka. Ka kuma ajiye ɗan kuɗin layin domin ladan ciniki: TRX a Tron, ETH a Ethereum, BNB a nasa layin. Ba tare da shi ba USDT ɗinka na nan amma ba ya motsi.

Kada ka kwafi adireshi daga tarihin cinikinka. Ɓarayi suna ƙirƙirar adireshi mai farko da ƙarshe irin na wanda ka saba tura wa, su aiko maka da ɗan ƙwandala don ya shiga tarihin. A Mayun 2024 wani ya tura wa ɓarayi WBTC 1,155, kuɗi mai bin darajar bitkoyin, ta wannan hanya. Ka duba tsakiyar adireshin ma, ba haruffa huɗun farko da na ƙarshe kawai ba.

Idan kuɗin ya kai wanda ɓatansa zai girgiza gidanka, ka sayi na'urar adana mabuɗi kamar Trezor ko Ledger daga kamfanin ko dillalin da ya amince da shi. Na'urar ce za ta ƙirƙiri kalmomin a gabanka. Wadda ta zo da kalmomi a rubuce cikin kwali tarko ce. Ko a nan akwai yarda: bayanan masu sayen Ledger sun fita a 2020, har aka riƙa aika wa wasu jabun na'urori zuwa gida.

Kuɗin da ke walat ɗinka ma yana da mai iko da shi

Wannan ne mutane suka fi rashin sani. Bitkoyin da ke walat ɗinka babu kamfanin da zai iya daskarar da shi. USDT da takwaransa USDC ba haka suke ba. Kowannensu kwantiragi ne, wato ɗan shirin kwamfuta da ke zaune a kan bulokcen, kuma kamfanin da ya rubuta shi ya bar wa kansa iko a ciki. A kwantiragin USDT akwai umarnin addBlackList da ke hana adireshi tura kuɗi, da destroyBlackFunds da ke shafe kuɗin adireshin da aka toshe, da pause da ke tsayar da kowa. Circle, mai fitar da USDC, ta daskarar da shi a adireshin Tornado Cash, wani tsari na ɓatar da sawun kuɗi, a Agustan 2022 bayan Amurka ta saka musu takunkumi. Wannan iko ya taimaka wajen riƙe kuɗin sata, ba a musu, amma iko ne, kuma ba a hannunka yake ba.

Za ka iya dubawa da kanka, kyauta. Buɗe shafin kwantiragin USDT a Etherscan, wanda adireshinsa ke farawa da 0xdAC17, ko a Tronscan, inda yake farawa da TR7NH. Shiga Contract, sannan Read Contract, nemi getBlackListStatus, liƙa adireshin. Idan ya ce true, an toshe shi. Ɗan kasuwar da ke karɓar manyan kuɗi daga baƙi ya kamata ya san wannan, ya kuma raba walat ɗin karɓa da walat ɗin ajiya.

Sai kuma dalar da aka ce tana bayan kuɗin. A Maris 2023 Circle ta bayyana cewa dala biliyan 3.3 na ajiyarta na bankin Silicon Valley da ya rushe, USDC ya faɗi ƙasa da santi 90 na 'yan kwanaki. A Oktoban 2021 hukumar CFTC ta Amurka ta ci tarar Tether, mai fitar da USDT, dala miliyan 41 kan iƙirarin da ta yi game da cikar ajiyarta a shekarun baya. Wanda duk jarinsa ke cikin kuɗi ɗaya irin wannan, ya sani kamfani ɗaya da bankunansa ya ba amana.

Ga ƙananan kuɗaɗe sababbi, binciken ya fi zama dole. Idan Etherscan bai nuna rubutun kwantiragin a fili ba, ka bar shi. Idan ya nuna, ka nemi owner, wato mai iko da kwantiragin, a Read Contract, sannan a Write Contract ka duba ko akwai mint, ko umarnin canja haraji, ko na toshe adireshi. Mai mint zai iya buga sabon kuɗi ya zubar a kasuwa. Mai canja haraji zai iya mayar da ladan sayarwa kashi 99 bayan ka saya. Idan ka ga Read as Proxy, ma'anarsa ana iya sauya dukkan shirin daga baya, don haka abin da ka karanta yau ba lallai shi ne na gobe ba, kuma cewa an yi watsi da owner ba ta da amfani idan mai sauya shirin na nan.

Ƙirga mabuɗai, ka ƙirga masu su

Idan ka sami adireshin owner, ka danna shi. Idan adireshin mutum ɗaya ne, mabuɗi guda ke riƙe da komai. Idan walat ne na sa hannun mutane da yawa irin na Safe, getOwners zai nuna maka masu sa hannu, getThreshold ya nuna nawa ake buƙata. Idan akwai agogon jinkiri, getMinDelay zai ba ka adadi da daƙiƙa: 86,400 kwana ɗaya ne, 172,800 kwana biyu. Wannan jinkiri shi ne damarka ta fita kafin canji ya fara aiki. A ganinmu jinkirin kwana biyu ya fi wa mai amfani daraja a kan yawan masu sa hannu da ba a san su ba.

Dalili kuwa shi ne adadi na yaudara. A farkon 2022 gadar Ronin, wadda ake ƙetarar da kuɗi ta kanta daga layi zuwa layi, tana buƙatar sa hannu 5 cikin 9, amma kamfanin Sky Mavis ne ke riƙe da huɗu, kuma an taɓa ba shi izinin sa hannu a madadin na biyar a ƙarshen 2021, aka manta ba a janye ba. A Maris 2022 ɓarayi suka shiga kamfani ɗaya suka sami biyar ɗin, suka kwashe ETH 173,600 da USDC miliyan 25.5. Sai bayan kwana shida aka lura. A kasuwar Bybit kuma, a Fabrairun 2025, ba a saci mabuɗi ba. An gurɓata shafin da masu sa hannu ke kallo, suka amince da abin da suke zaton tura kuɗi ne na yau da kullum, alhali umarnin sauya walat ɗin ne. Kusan dala biliyan 1.5 suka tafi, ko da yake kamfanin ya ci gaba da biyan masu cirewa. Darasin aiki a nan shi ne ka karanta abin da allon na'urar adana mabuɗi ya nuna, ba abin da kwamfuta ta nuna ba, kuma in ba ka fahimce shi ba kada ka danna.

Layin kansa ma haka ne. A Oktoban 2022 an tsayar da BNB Smart Chain gaba ɗaya bayan an ƙirƙiri BNB miliyan 2 ta ɓarauniyar hanya, kuma hakan ya yiwu ne saboda masu tabbatar da ciniki ba su da yawa, ana iya tuntuɓarsu cikin sa'o'i. An ceci kuɗi da yawa, kuma kowa ya ga cewa layin na da birki.

Izinin da ka bayar da hannunka

Duk lokacin da ka yi musaya a dandalin da ba shi da mai ajiya, ana fara neman ka amince wa kwantiragi ya taɓa kuɗinka. Yawanci izinin marar iyaka ne, kuma ba ya ƙarewa don ka rufe shafin ko ka cire haɗin walat. Idan aka fasa kwantiragin bayan shekara, kuɗinka na cikin abin da za a iya ja. Ka gyara adadin zuwa daidai abin da za ka kashe, kuma duk wata ka shiga Revoke.cash ko sashen Token Approvals na Etherscan ka janye tsofaffi. Janyewa na cin ɗan ladan ciniki. Ka kula da sa hannun da ake kira Permit: ba ya cin ko sisi, shi ya sa ake ɗaukarsa kamar shiga shafi, amma izinin kwasar kuɗi ne cikakke. A Tron kuma ka duba Owner Permission da Active Permission na adireshinka a Tronscan. Idan akwai wani adireshi da ba naka ba, an karɓe ikon walat ɗin, kuma duk abin da ka ƙara a ciki ba zai fito ba.

Hanya mafi sauƙi ita ce raba kuɗin gida uku. Na ciniki a kasuwa, gwargwadon abin da za ka juya cikin mako ɗaya ko biyu. Na gwaje-gwaje da farautar kyaututtuka a walat na waya da ba ya ɗauke da abin da za ka yi kuka a kansa. Ajiya ta dogon lokaci a walat da ba ya haɗuwa da kowane shafi.

Saura batun gado, wanda riƙe mabuɗi da kai ke jawowa. Idan ka rasu babu wanda ya san inda kalmomin suke, haƙƙin magada ya salwanta, kuma babu kotu ko malamin rabon gado da zai iya buɗe walat. Ka rubuta takarda da ke bayyana irin kuɗin, da layin da suke, da sunan manhajar, da inda kalmomin suke, amma kada kalmomin su kasance a cikinta. Ka ba amintacce takardar, kalmomin kuma su zauna a wani wurin daban. Ga dukiya mai yawa, ko kuɗin ƙungiya ko na abokan kasuwanci, a kafa walat mai buƙatar sa hannu 2 cikin 3, kowane mabuɗi a hannun mutum daban da na'ura daban, a adana bayanin yadda aka kafa shi tare da kowane mabuɗi, sannan a gwada fitar da ƙaramin kuɗi da kowane haɗin mutum biyu kafin a zuba sauran.